Harajin Albashi a Najeriya: Alawus ɗin da Haraji ke Hawa da Rangwamen da Sai an Nema

Harajin kuɗin shiga na mutum, wato kason da hukuma ke karɓa daga abin da mutum ya samu a cikin shekara, haraji ne da ma'aikacin albashi ke biya ba tare da kuɗin sun taɓa shiga hannunsa ba, domin wurin aikinsa ne ke zare shi tun kafin albashi ya faɗa asusun banki, sannan ya miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Wannan tsari na cirewa tun daga tushe, wanda ma'aikatan ofishin albashi ke kira PAYE, ya sauƙaƙa wa gwamnati aikin tara haraji ƙwarai, amma ya bar ma'aikata da dama ba su san yadda aka yi lissafin abin da aka cire musu ba, balle su san ko akwai wani rangwame da doka ta ba su wanda ba su nema ba. Rashin sanin bai cika cutarwa ba a shekarun baya, saboda babban rangwamen da ke cikin tsohuwar doka yana zuwa wa kowa da kansa, ko ya nema ko bai nema ba. Daga ranar 1 ga Janairun 2026 lamarin ya sauya, kuma sauyin ya fi shafar wanda bai saba ajiye takarda ba.

Sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya tana cikin dokoki huɗu da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta tun daga 2023. A lokacin da ƙudurorin ke gaban majalisa, musamman bayan taron da gwamnonin Arewa suka yi a Kaduna a watan Oktoban 2024, kusan dukkan muhawarar da aka tafka a rediyo da jaridu ta karkata ne ga yadda za a raba kuɗin harajin kayayyaki na VAT tsakanin jihohi, har ta danne ɓangaren da ke taɓa aljihun malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawun kamfani kai tsaye a ƙarshen kowane wata. Shi wannan ɓangare, mafi yawan kuɗinsa na jihohi ne, domin hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ma'aikaci ke zaune ita ce ke da haƙƙin harajinsa, ko da kuwa ofishinsa yana wata jiha. Saboda haka mutumin da ke kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki a Abuja, harajinsa na jihar Nasarawa ne ko Neja, al'amarin da ya daɗe yana haddasa ja-in-ja tsakanin hukumomin haraji na waɗannan wurare.

Tsohon harajin da kakanni suka sani a ƙasar Hausa, wanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓa a kan kowane baligi, har zuwa lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali bayan hawansu mulki a 1979, bai damu da nawa mutum ya samu ko nawa ya kashe ba. Harajin albashi kuwa duk ginin lissafinsa a kan abubuwa uku yake. Na farko shi ne jimillar kuɗin shiga, wato duk abin da aiki ya kawo wa mutum a shekara, na kuɗi da wanda ba na kuɗi ba. Na biyu shi ne rangwame, wato adadin da doka ta yarda a zare daga wannan jimilla kafin a fara lissafi. Na uku shi ne abin da ya rage bayan an zare rangwamen, wato kuɗin da haraji ke hawa kansu, kuma duk wata gardama tsakanin ma'aikaci da hukuma tana komawa ne ga tambayoyi biyu: me aka zuba cikin jimillar, me kuma aka yarda a cire daga cikinta.

Tambayar farko ita ce ta alawus, kuma a nan ne tsohuwar fahimta ta fi kafuwa a zukatan ma'aikata. Ƙarƙashin dokar 1993, kafin gyaran da aka yi mata a 2011, akwai alawus-alawus da aka keɓe daga haraji har zuwa wani adadi a shekara: na gida har Naira 150,000, na sufuri Naira 20,000, na wuta da ruwa Naira 10,000, na karɓar baƙi Naira 6,000, na abinci Naira 5,000, sai kuɗin hutu wanda bai wuce kashi 10 cikin ɗari na gundarin albashi ba. Wannan ya koya wa wuraren aiki dabarar tsaga albashi gida-gida, a rage gundarin, a kumbura alawus, ta yadda takardar albashin ƙaramin ma'aikaci kan zo da layuka bakwai ko takwas, kowane da sunansa. Gyaran 2011, wanda aka yi a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ya rushe waɗannan keɓe-keɓe ya maye gurbinsu da dunƙulallen rangwame guda, amma layukan sun ci gaba da fitowa a takardun albashi, shi ya sa har yau ake samun ma'aikacin da ya yi imani cewa gundarin albashinsa kaɗai ake yi wa haraji, alhali an fi shekara goma da daina hakan.

Ƙa'idar da ke aiki yanzu ita ce duk abin da wurin aiki ya bai wa ma'aikaci saboda aikinsa kuɗin shiga ne, ko da wane suna aka biya shi. Alawus na gida da na sufuri, kuɗin hutu, alawus na hatsarin aiki da ake bai wa ma'aikatan lafiya, kuɗin aikin dare ko na ƙarin lokaci, albashin wata na goma sha uku da wasu kamfanoni ke bayarwa a Disamba, har da goron Sallah idan kamfani ya biya shi ga ma'aikatansa a matsayin garaɓasar aiki, duka ana tattara su ne cikin jimilla ɗaya. Abin da doka ta ware shi ne kuɗin da aka mayar wa ma'aikaci domin abin da ya kashe wajen gudanar da aikin, muddin ba a yi nufin ya ci riba a ciki ba. Bambancin yana fitowa sarai idan aka dubi ma'aikata biyu a ofishi guda a Kano. Ɗaya an tura shi Abuja halartar taro, ya biya kuɗin mota da na masauki, ya dawo ya ajiye rasit a teburin akanta aka mayar masa da kuɗinsa. Wannan bai samu komai ba, don haka babu haraji a kansa. Ɗayan kuwa ana sa masa Naira 40,000 kowane wata da sunan alawus na sufuri, ko ya hau adaidaita ko ya tako da ƙafa daga Gwammaja. Wannan ƙari ne a kan albashinsa, kuma haraji zai hau shi kamar yadda ya hau sauran.

Akwai kuma amfanin da ba na kuɗi ba, wanda manyan ma'aikata suka fi cin moriyarsa, kuma doka ta tanadi hanyar ƙiyasta shi da Naira. Idan wurin aiki ya bai wa ma'aikaci wata kadara tasa ya yi amfani da ita, kamar mota, ana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka saye ta a matsayin kuɗin shigarsa na kowace shekara, ta yadda motar Naira miliyan 20 za ta ƙara Naira miliyan 1 a kan jimillar da za a yi wa lissafi. Idan gida aka ba shi, ana ƙiyasta kuɗin hayar gidan na shekara a ƙara masa, sai dai sabuwar doka ta sa iyaka, ƙarin ba zai wuce kashi 20 cikin ɗari na jimillar abin da yake samu daga aikin ba, wanda hakan ya kare ƙaramin ma'aikacin da aka ajiye a gidan da ya fi ƙarfin albashinsa. An bar wasu abubuwa ba a lissafa su, kamar abincin da ake bai wa ma'aikata baki ɗaya a kantin wurin aiki, da kayan sarki ko rigunan kariya, da kayan aiki, da kuɗin kwashe kaya idan an yi wa mutum canjin wurin aiki, domin waɗannan bukatun aikin ne kafin su zama amfanin ma'aikaci.

Bayan an haɗa jimilla an zare rangwame, ragowar ba a yi mata kuɗin goro. Ana yanka ta ne mataki-mataki, kowane mataki da kasonsa. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kaɗan, Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, sannan duk abin da ya haura miliyan 50 ana cire kashi 25. Lamarin ya yi kama da mai awo da ke cika mudu ɗaya kafin ya ɗauki na biyu: abin da ya zuba a mudun farko yana nan a farashinsa, sabon farashi yana hawa abin da ya shiga mudu na biyu ne kawai. Don haka tsoron da wasu ke yi cewa ƙarin girma zai jefa su matakin sama har abin da suke kai wa gida ya ragu ba shi da tushe, tunda babban kason yana taɓa ƙarin ne kaɗai. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar Naira 70,000 a wata a Yulin 2024, doka ta keɓe shi daga wannan haraji gaba ɗaya, haka nan albashin sojoji, da fansho da garatutin da ake biya bisa dokar fansho, da diyyar rasa aiki har zuwa Naira miliyan 50, wadda a da iyakarta miliyan 10 ce.

Tambaya ta biyu, ta rangwame, ita ce inda sabuwar doka ta rabu da tsohuwa rabuwa ta gaske. Daga 2011 zuwa ƙarshen 2025 kowane mai biyan haraji yana samun dunƙulallen rangwame na Naira 200,000, ko kashi 1 cikin ɗari na jimillar kuɗin shigarsa idan hakan ya fi yawa, a ƙara da kashi 20 cikin ɗari na jimillar, kuma ofishin albashi ne ke lissafa shi ba tare da an tambayi ma'aikaci ko da takarda ɗaya ba. An soke wannan. Abin da ya rage shi ne abubuwa shida da aka ambata da suna, waɗanda uku daga cikinsu suna fita ne daga albashi kai tsaye, don haka ba su da wahalar tabbatarwa: gudummawar fansho, wadda dokar fansho ta 2014 ta sa mafi ƙarancinta kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga wurin aikinsa, gudummawar Asusun Gidaje na Ƙasa ta kashi 2.5, wadda tun 2023 ta zama ta ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, da gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa. Sauran ukun suna faruwa ne a wajen ofis, inda akanta ba shi da hanyar saninsu sai an kawo masa: kuɗin inshorar rai da mutum ya biya wa kansa ko abokin aurensa, kuɗin ruwan bashin da ya ci domin gina gidan da yake zaune a ciki, da kuma rangwamen haya, wanda shi ne sabon abu. Rangwamen haya kashi 20 ne cikin ɗari na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, kuma ba ya wuce Naira 500,000, ma'ana sai mai biyan hayar Naira miliyan 2.5 ne ke cika shi, abin da ya ɗara haka kuwa ba ya ƙara komai.

Lissafin ma'aikaci guda zai nuna girman abin da ake magana a kai. A ɗauka jimillar albashinsa da alawus Naira 300,000 ce a wata, wato miliyan 3.6 a shekara, kuma domin sauƙin lissafi a ce ana cire fansho a kan duka, wanda ya kama Naira 288,000. Idan yana biyan hayar Naira 600,000 kuma ya gabatar da shaida, za a zare masa wasu 120,000, abin da haraji zai hau ya zama Naira 3,192,000. Naira 800,000 na farko sun tafi kyauta, miliyan 2.2 sun ba da 330,000, ragowar 192,000 a kashi 18 sun ba da 34,560, jimilla Naira 364,560 a shekara, ko 30,380 a wata. Da bai kawo shaidar haya ba, da zai biya 386,160, wato ya yi asarar Naira 21,600 saboda takarda guda. A tsohuwar doka kuwa, wadda matakanta ke farawa daga kashi 7 su ƙare a kashi 24, wannan mutum zai biya Naira 402,416. Ya samu sauƙi ke nan ta kowace fuska, sai dai fiye da rabin sauƙin ya rataya ne a kan rasit ɗin haya.

A can sama labarin ya juya. Tunda tsohon rangwame yana girma tare da albashi, mai babban albashi ya fi kowa cin moriyarsa, har ya sa kashi 24 da ke rubuce a doka kan koma kusan kashi 19 a aikace. Mai samun Naira miliyan 30 a shekara, idan aka ajiye fansho da haya gefe, yana biyan miliyan 5.48 a da, yanzu kuwa miliyan 5.83. Ta wannan fuska gyaran ya yi adalci, domin babu hujjar da za ta sa rangwamen da aka ƙirƙiro domin kare abin masarufin mai ƙaramin ƙarfi ya fi amfanar shugaban banki.

Inda gyaran ya gaza shi ne wajen duban yadda mutane ke rayuwa a zahiri, musamman a garuruwan Arewa. Rangwamen haya na ɗan haya ne kaɗai, don haka malamin da ke zaune a sashensa cikin gidan gado a birnin Zariya ko Katsina, ko wanda ya yi shekaru yana tara bulo har ya gina ɗaki biyu da guminsa, ba shi da rabo a ciki, ko da yake shi ma yana kashe kuɗi wajen gyaran rufi da yaɓe duk damina. Rangwamen kuɗin ruwa ma bai isa ga ɗimbin Musulmin da ke guje wa bashi mai ruwa saboda addini ba. Mafi nauyi daga cikin giɓin shi ne na iyali. Dokar 1993 ta ba da Naira 2,500 a kan kowane yaro har huɗu, da Naira 2,000 a kan kowane ɗan uwa da mutum ke ɗauke da shi har biyu, adadin da hauhawar farashi ta mayar abin dariya kafin gyare-gyaren baya su shafe shi, kuma sabuwar doka ba ta dawo da komai a madadinsa ba. Sakamakon haka, saurayin da bai ajiye kowa ba da magidancin da ke ciyar da mata da 'ya'ya takwas da tsohuwar uwa, idan albashinsu ɗaya ne, harajinsu ma ɗaya ne. Maƙwabta ba su bi wannan hanya ba: a Jamhuriyar Nijar ana rage harajin albashi gwargwadon yawan waɗanda ma'aikaci ke ɗauke da nauyinsu, a Ghana kuma akwai rangwame na aure da na karatun yara har uku da na tsofaffin da mutum ke kula da su. Zakka ma ba ta cikin abubuwa shidan, alhali a Malesiya ana cire zakkar da aka biya ta hannun hukuma daga cikin harajin kansa. Masu kare dokar suna iya cewa matakin Naira 800,000 da ba a taɓawa ya tsaya a madadin duk waɗannan, kuma tantance yawan iyali yana buɗe ƙofar ƙarya, amma matakin daidai yake ga kowa, nauyin gida kuwa ba daidai yake ba.

Ko rangwamen hayar da aka bayar, samunsa yana da nasa ƙalubale, domin doka ta ɗora wa mai nema ya bayyana ainihin abin da ya biya, hukuma kuma tana da ikon neman hujja. A unguwanni da yawa haya magana ce ta baki tsakanin mai gida da ɗan haya, dillali ne shaida, kuɗi kuma a hannu ake miƙa su, wani lokaci kashi biyu ko uku a shekara. Wasu masu gidajen ma ba sa son rubuta rasit, tunda sun fahimci cewa takardar da ke rage wa ɗan haya haraji ita ce kuma ke sanar da hukuma cewa su suna da kuɗin shiga na haya, wanda shi ma haraji ke hawa kansa. Mafita mafi sauƙi ga ma'aikaci ita ce ya riƙa biyan haya ta banki zuwa asusun mai gida ko wakilinsa, ya nemi rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da adireshin gidan da adadin kuɗi da tsawon wa'adi, sannan ya kai kwafinsu ofishin albashi tun farkon shekara domin a sa rangwamen cikin lissafin wata-wata.

Wajibi ne kowane wurin aiki ya miƙa wa hukuma bayanin albashi da harajin ma'aikatansa na shekarar da ta gabata zuwa ranar 31 ga Janairu, shi kuma ma'aikaci yana da nasa bayanin na shekara da zai shigar zuwa ranar 31 ga Maris, wanda a cikinsa ne zai bayyana sauran hanyoyin samunsa kamar haya ko kasuwanci, ya kuma nemi rangwamen da ofishin albashi bai sa masa ba. Cire haraji daga albashi bai tabbatar da cewa kuɗin sun isa hukuma ba, kuma sau da yawa ma'aikaci ba ya gano hakan sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna abin da ya biya a shekaru uku da suka wuce, aka ce ba a ga sunansa ba. Saboda haka ya kamata duk mai karɓar albashi ya nemi takardar albashinsa kowane wata ya adana, ya duba ko an zare fansho da rangwamen haya kafin a yi lissafi, ya kuma tabbatar cewa jihar da yake zaune ce ake tura wa harajinsa.